Wata bakwai ina shan maganin kwantar da hankali, yanzu na kasa bari

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 36, ina da aure da yara uku. Wata takwas ke nan da mahaifiyata ta rasu a hannuna, ba ta yi wata doguwar jinya ba. Tun daga nan wani abu ya fara zuwar mini. Ina zaune ƙalau sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, gumi ya keto mini, numfashi ya gagara, in ji kamar yanzu zan bi ta. Sau biyu ana kwasata zuwa asibiti cikin dare. An auna zuciyata aka ce lafiyarta lau. Likita ya rubuta mini alprazolam, ƙwaya mai miligiram 0.5, ya ce in sha na sati biyu in koma. Ranar da na fara sha na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin rasuwar. Ban koma wurin likitan ba. Da maganin ya ƙare sai na samu wanda ya ci gaba da samo mini. Da ɗaya nake sha da dare, yanzu uku nake sha a rana, wani lokaci huɗu. Ga mantuwa, in ajiye abu in rasa inda na sa shi, rannan har tukunya na manta a wuta. Makon jiya maigidana ya ga fakitin, ransa ya ɓaci, ya ce in zubar. Na daina. Kwana ɗaya da wuni hannuna ya kama rawa, ban runtsa ba, ko ƙarar cokali sai ta razana ni. Sai na koma sha a ɓoye. Ina kuma shan tramadol jefi-jefi saboda ciwon baya, sannan muna son ƙarin haihuwa. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, na zama 'yar ƙwaya ke nan? In sake daurewa in zubar, ko yaya zan yi?

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ke kuma ya ba ki haƙurin rashi.

Zan fara da ƙarshen wasiƙarki, don nan ne gaggawar take. Kada ki zubar da maganin nan, kada kuma ki sake yanke shi rana ɗaya. Na san zancen zai zo miki banbaraƙwai, a ce mai ba da shawara ce ke hana mutum barin ƙwaya. Amma jikin da ya yi wata bakwai yana karɓar alprazolam kullum, idan aka datse masa shi farat ɗaya, abin ba lallai ya tsaya a rawar hannu da rashin barci ba. Yana iya kaiwa ga jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yinta ba, ko ruɗewar hankali, mutum ya riƙa ji ko ganin abin da babu. Akan rasa rai ma ta wannan hanya, ko da yake ba kasafai ba. Abin da kika gani a kwana ɗaya da wunin nan somin taɓi ne. Komawar da kika yi, duk da a ɓoye kika yi ta, ta fi miki aminci a kan daurewar da kike shirin sake yi. Maigidanki alheri yake nufi, halin maganin ne bai sani ba, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Sai tramadol ɗin da kika jefo a gefe kamar ba komai ba. Duk wasiƙar babu layin da ya tayar mini da hankali kamarsa. Tramadol dangin kodin ne da mofin, masu danne sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da numfashi, alprazolam kuma yana ƙara wa dannewar nauyi. Kowannensu shi kaɗai, a ma'aunin da likita ya rubuta, da wuya ya tsayar da numfashin mai lafiya. Haɗa su ne ke kisa. Mutum ya kwanta barci, numfashinsa ya riƙa ja da baya, na gefensa ya ɗauka minshari ne, da asuba a taɓa shi a ji shiru. Irin wannan ne ya sa a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta buga gargaɗi mafi tsanani, wanda ake kewayewa da baƙin layi, a takardar da ke cikin kwalin waɗannan dangin magunguna biyu, cewa a guji haɗa su. Tramadol yana da wani hali kuma: yana sauƙaƙa wa jijjiga zuwa. Ki duba ki gani, a ranar da kika yanke alprazolam, da ciwon baya ya motsa kika haɗiyi tramadol, an buɗe wa jijjiga ƙofa biyu ke nan. Idan da gaske jefi-jefi kike shansa, ki ajiye shi daga yau, ki lallaɓa da farasitamol kafin likita ya duba bayan. Idan kuwa kusan kullum ne kunya ta hana ki faɗa, to shi ma a hankali ake rabuwa da shi, ki sanar da likita. Haka maganin tari mai kodin, da barasa, da duk wani maganin barci, da magungunan mura ko ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi irin su Piriton da promethazine, duk ki nisance su muddin kina kan wannan ƙwaya.

To, bari mu koma ga yadda aka yi ɗaya ta zama huɗu.

Alprazolam, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Xanax, ɗan gidan magungunan da ake kira benzodayazefin ne. 'Yan'uwansa su ne diazepam, wato Valium, da lorazepam, wato Ativan, da bromazepam, wato Lexotan, da clonazepam. Aikinsu ɗaya ne. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna GABA, shi ne birkin jijiyoyi, shi ke ce wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su sassauta idan sun ɗau zafi. Waɗannan magunguna ba su kawo sabon birki ba, wanda ke nan suke ƙara wa kamu. Shi ya sa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba za ki ji ƙirji ya saki, kafaɗu sun sauka, barci ya zo. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta son a taka mata birki dare da rana. Idan abin ya ɗore makonni sai ta fara gyara zamanta: ta rage sauraron nata birkin, ta ƙara wuta a ɗaya ɓangaren, don ta daidaita. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta ƙara yin abin da ta yi a daren farko. Idan kuma aka cire maganin kwatsam, sai a bar mota da wuta ba birki. Rawar hannun ke nan, da ƙarar cokalin da ke shiga miki har ƙwaƙwalwa.

Alprazolam ya fi yawancin 'yan'uwansa saurin jefa mutum cikin wannan hali, saboda mai saurin shiga ne kuma mai saurin fita. Yakan kai ƙololuwarsa a jini cikin awa ɗaya zuwa biyu, rabinsa kuma ya fita cikin kimanin awa 11. Ki tuna yadda abin ya faro. Kin sha da dare kin yi barci. Washegari wajen la'asar sai ki ji wani zullumi yana tasowa ba dalili, tafin hannu ya jiƙe, ki kasa zama wuri ɗaya, idonki na kan agogo. Sai ki ce ciwon ne ya dawo, bari in ƙara ɗaya da rana. Sau da yawa ba ciwon ba ne, maganin jiya ne ke zarewa daga jini, jiki yana kukan a ƙaro masa. Da kin ƙara sai ki ji daidai, sai ki ƙara gaskata cewa ba za ki iya rayuwa ba sai da shi. Ta haka mutane da yawa suka tashi daga ɗaya zuwa uku ba tare da sun taɓa neman maye ba.

Wannan ya kawo mu kan tambayar da na san ita ta fi ci miki rai. Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma wannan sabon ba ruwansa da wauta. Likitoci suna bambanta abu biyu. Akwai sabon jiki, wanda ke samun kusan duk wanda ya sha irin maganin nan kullum na tsawon lokaci, malami ne ko jahili, mai tsoron Allah ne ko akasin haka, ko da kuwa bai taɓa ƙetare abin da likita ya rubuta ba. Wani cikin 'yan makonni ma yake kama shi. Akwai kuma jaraba, inda mutum ke bin maganin don jin daɗin da yake ba shi, ya fifita shi a kan iyali da aiki da mutunci, yana ganin ɓarnar yana ci gaba. Abin da kika bayyana sabon jiki ne ƙarara. Ba zan yi miki daɗin baki ba dai: ƙara adadi da kanki, da samowa ta bayan fage, da sha a ɓoye, alamu ne da ke nuna ƙafa ta fara zamewa wajen na biyun. Amma wadda ta zauna ta rubuta wasiƙa tana ƙirga ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya ba ta yi nisan da ba za ta ji kira ba. Sunan 'yar ƙwaya kuwa ki ajiye shi, ba zai ƙara miki komai ba sai ɓoyo, ɓoyon kuma shi ne abin da ya fi cutar da ke yanzu.

Kada kuma ki ɗauka likitan ya cuce ki, ko maganin shaiɗani ne. Dangin nan sun ceci rayuka ba adadi. Yaron da jijjiga ta kama ta ƙi saki, diazepam ake ba shi. Mai ciwon sandarewar jiki ta tetanus, da wanda ya daɗe yana shan barasa ake raba shi da ita, da wanda za a yi wa tiyata tsoro ya cika shi, duk suna amfana da su. Diazepam yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Lokacin da wani masanin haɗa magunguna mai suna Leo Sternbach ya gano na farkonsu, aka fito da shi kasuwa da sunan Librium a 1960, sannan Valium a 1963, murna aka yi, don magungunan barcin da ake da su kafin nan ɗan ƙari kaɗan ke kashe mutum. A shekarun 1970 babu maganin da likitocin Amurka suka fi rubutawa kamar Valium. Sai da aka ɗau shekaru kafin a yarda da abin da marasa lafiya suka daɗe suna faɗa, cewa barinsa tashin hankali ne. Alprazolam ya shigo a 1981. A 1988 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya fitar da ƙa'idar da har yau ake bi a wurare da yawa: a ba da su ga fargaba mai tsanani kawai, na sati biyu zuwa huɗu. A 2020 hukumar Amurka ta sake tsananta gargaɗinta, ta ƙara maganar sabo da haɗarin yankewa kwatsam. Kin ga sati biyun da likitanki ya ce ba da ka ya faɗa ba. Kuma ina kyautata zaton cewar da ya yi ki koma, so yake ya ɗora ki a kan ainihin jinyar, wannan ƙwayar ta riƙe ki ne kawai kafin nan.

Mantuwar da kike yi ma aikin maganin ne. Ba ya goge abin da kika sani da, sabon abu ne yake hana shi zama. Za ki iya tuna gidan da kika tashi da sunayen ƙawayenki na yarinta, amma ki rasa ko kin kashe wuta minti goma da suka wuce. A ɗakin tiyata wannan halin abin so ne, a ɗakin girkin mai yara uku kuwa haɗari ne. Galibi yana gyaruwa bayan an rabu da maganin, ko da yake yakan ɗau lokaci. Kafin nan, idan kin ɗora tukunya ki saita ƙararrawar waya, kuma kada ki tuƙa mota. Mai shan maganin nan yakan ji garau yake, alhali hannunsa da ƙafarsa sun rage sauri, ƙiftawar idon da ake buƙata a taka birki ta kuɓuce masa. Sauran illolin su ne jiri, kasala, nauyin harshe, tangaɗi, raguwar sha'awa, wasu kuma maimakon ya kwantar da su sai ya sa su saurin fushi da faɗa. Tsofaffi sun fi kowa shan wahalarsa, faɗuwa ɗaya a hanyar banɗaki cikin dare ta karya ƙugu. Mai ciwon huhu mai tsanani, da mai ɗaukewar numfashi cikin barci, da mai ciwon hanta, duk sai da takatsantsan na musamman. Na faɗi wannan ne don kada wata rana tausayi ya sa ki ɓallo ɗaya ki miƙa wa wata da ta ce ba ta barci.

Akwai illa ɗaya da ba a cika faɗa ba, kuma ita ce ta fi shafarki. Tun a waccan ƙa'idar ta 1988 an ja hankalin likitoci cewa waɗannan magunguna suna iya hana mai makoki narkar da rashin da ya yi. Ba tsoro kaɗai suke dusashewa ba, har da baƙin ciki, har da farin ciki. Mahaifiyarki a hannunki ta cika. Wata ɗaya kacal tsakani aka lulluɓe abin da ƙwaya. Ina zargin akwai kukan da ba ki gama yi ba, yana nan a ajiye. Ki sa rai zai taso yayin da ake rage maganin, ki ga hawaye na zubo miki a kan wani ɗan abu, ƙamshin turarenta ko lambarta da ke cikin wayarki har yanzu. In ya zo kada ki ɗauka ciwo ne ya dawo. Ki bar shi ya fita, ki samu wadda za ki zauna da ita ku yi hirar Mama.

Yanzu ga abin yi. Ki koma wurin likita cikin makon nan, wanda ya fara rubuta miki ko wani, in da hali likitan ƙwaƙwalwa. Kada sunan ya tsorata ki, su ne suka fi kowa sanin wannan aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki tafi da fakitin a hannu, ki faɗi adadin gaskiya, uku ko huɗu, ki faɗi watannin, ki faɗi tramadol, ki faɗi abin da ya faru da kika daina. Idan kika rage lissafi don kunya, kika ce biyu, zai tsara miki jinya a kan biyu, jikinki kuma huɗu ya sani, ke za ki sha wuyar bambancin. Zai yiwu ya yi miki faɗa. Ki shanye, minti biyar ne.

Abin da zai yi miki yaye ne, kuma duk uwa ta san yaye. Da farko za a tsayar da ke a kan adadi ɗaya, a lokuta sanannu, a daina yau uku gobe huɗu. Sau da yawa akan sauya mutum daga alprazolam zuwa diazepam, a hankali ba rana ɗaya ba. Dalili shi ne diazepam yana daɗewa a jiki, rabinsa kan ɗau kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fita, abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi kuma ya fi haka daɗewa. Saboda haka babu hawa da saukar nan ta la'asar, kuma yana da sauƙin gutsurawa ƙanana-ƙanana. Akan ƙiyasta ƙwayarki ɗaya da miligiram 5 zuwa 10 na diazepam, ya danganta da lissafin da likita ke bi, wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna miki cewa ba aikin da za ki yi wa kanki a ɗaki ba ne. Wata likita 'yar Birtaniya, Farfesa Heather Ashton, wadda ta yi shekaru tana gudanar da asibitin raba mutane da waɗannan magunguna a Newcastle, ita ta fi kowa yaɗa wannan hanya. Daga nan sai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan 'yan makonni. Idan mataki ya yi tsauri a tsaya a kansa har jiki ya saba, ba a komawa sama in ba dole ba. Ƙarshen ya fi farkon wuya, ɗan guntun da ya rage shi ya fi naci, nan ne ake ƙara sassautawa. Ki shirya wa watanni, ba makonni ba. Sannu ba ta hana zuwa. Za a yi dararen da barci zai yi gardama, da ranakun da jiki zai yi tsami, da waɗanda za ki ji kamar ba ke ba. Suna zuwa suna wucewa.

Yaye kaɗai bai isa ba, don abin da ya kai ki asibiti cikin dare yana nan ba a taɓa shi ba. Yadda kika siffanta shi ya yi kama da ciwon firgici, wanda ke zuwa kwatsam ya kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka da kansa. Ki lura da wannan lissafin. Ƙwayar da kika haɗiya lokacin da gabanki ya faɗi ba ta gama narkewa ba firgicin ya riga ya juya baya. Sau da yawa jikinki ne ya yi aikin, ƙwaya ta karɓe yabo. Firgicin yana da ban tsoro matuƙa amma shi kansa ba ya tsayar da zuciya, kuma an auna taki an ce lafiya. Yana da jinya iri biyu masu inganci. Ɗaya ita ce zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, wanda zai koya miki gane yadda bugun zuciya ke haifar da tunanin mutuwa, tunanin ya ƙara bugun, da yadda ake tsinka wannan zagayen. Akan yi shi ne zama-zama na wasu makonni, amfaninsa kuma yakan ɗore bayan an gama. Ɗayar ita ce magunguna irin su sertraline da escitalopram. Ba sa aiki nan take, sukan ɗau sati huɗu zuwa shida, satin farko ma suna iya ɗan ƙara miki zullumi, mutane da yawa a nan suke yar da su su ce ba sa yi. Ba sa jawo irin sabon alprazolam, ko da yake su ma a hankali ake barinsu. Su ma ba sa shiri da tramadol, ga ƙarin dalilin faɗa wa likita. Ki roƙe shi ya duba miki sinadarin tayirod, wanda wani sashe da ke gaban wuya ke fitarwa, da yawan jini, don matsalarsu tana iya kwaikwayon fargaba. Kofi da lemunan ƙara kuzari ki rage su.

Maganar haihuwa ki ɗan jinkirta, ku nemi hanyar tazara har a gama yayen. Maganin yana ratsa mahaifa ya isa ga jariri. Wanda uwarsa ta sha shi a ƙarshen ciki yana iya zuwa jiki sake, ba ƙarfin tsotso, numfashi sama-sama, ko ya yi ta kuka da rawar jiki don shi ma ya saba. Yana kuma fita ta nono. Idan kuwa kin riga kin ga batan wata, dokar farko tana nan: kada ki yanke, ki je a tsara miki.

Wanda ke samo miki maganin kuma, ku rabu. Ba ma sai na ce miki maganin nan doka ta hana sayar da shi ba takardar likita a kusan ko'ina ba. Abin da ya fi damuna shi ne alprazolam yana cikin magungunan da aka fi yi wa jabu a duniya. An sha kama ƙwayoyi masu kamanninsa sak, da tambari da komai, a auna a tarar wani sinadari ne daban, wani lokaci har da fentanil, wanda ɗan mitsitsinsa ke kisa. Ko da na gaske ne yake kawo miki, ba shi da masaniyar abin da ke jikinki. Ki lallaɓa da wanda ke hannunki na kwanakin nan kawai, daga ranar da kika ga likita kuma komai ya fito daga takardarsa.

Maigida fa, ki daina ɓoye masa. Na san abin da nauyi, tunda ya riga ya ce a zubar. Ki samu lokacin da yara suka yi barci, ki ce masa kin yi ƙoƙarin bin maganarsa, ga abin da ya same ki, ga abin da aka ce zai iya faruwa in an sake. In baki ya yi nauyi ki miƙa masa wannan amsar ya karanta da kansa. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita. Mutumin da ransa ya ɓaci don ya ga fakiti, tsoro ne ya kama shi, kuma irinsa in ya fahimta shi ne zai riƙe miki maganin yana ba ki na kowace rana a kan lokaci, ya kulle sauran inda hannun yara ba ya kaiwa. Ya kamata kuma ya san alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: idan kika yi jijjiga, ko kika ruɗe kina maganar da ba kai, ko ya tashe ki kika ƙi tashi, numfashinki na fita a hankali, leɓe ya sauya launi, asibiti kai tsaye, ya tafi da fakitin. Ke kuma idan tunanin cutar da kanki ko na gajiya da rayuwa ya taɓa gifta miki, a lokacin yaye ko kafinsa, ki faɗa wa shi ko likita a ranar, kada ki kwana da shi.

Daga yau ki tsaya a kan adadin da kika saba sha a rana, uku, a lokutan da kika saba, kada ki kai huɗu, kada ki sauka biyu. Ki samu takarda ki rubuta lokacin da kika sha kowace ƙwaya da yadda kika ji kafin ki sha, ki ci gaba da haka har ranar da za ki shiga wurin likita, ki miƙa masa takardar tare da fakitin. In kun fara ragewa ki sake rubuto mini in ji yadda ake ciki. Allah ya ba ki lafiya.